Hannun Gambo

An yi wani mutum, ɗan Tsafe, da Allah ya kai shi jami'a a shekarun nan da na'urar lissafi guda ke cika ɗaki. Darasinsu shi ne koya wa na'ura gane abu ta hanyar nuna mata misalai, kamar yadda ake biya wa yaro baƙi.

Malaminsu ya ba su aikin gida: kowa ya koya wa na'ura gane lambobin da ya rubuta da hannunsa. Ya ce shawara da juna ba laifi, amma kowa ya huda katunan ba na'ura umarni da kansa, wanda aka taimaka wa kuma ya faɗi mai taimakon.

Mutumin nan ya yi ta wasa har lokaci ya ƙure. Abokin ɗakinsa Gambo, ɗan makiyaya daga Furfuri, ya gama nasa. Gambo na fita masallaci, sai mutumin ya kwafe katunan, ya miƙa da sunansa.

Malam ya ga aiki biyu iri ɗaya, kowa kuma ya ce nasa ne. Ya ce to, na'ura ta san hannun da ya koyar da ita. Kowa zai rubuta a gabansa, wanda ta gane shi ne mai aiki.

Ya 'yan uwa, ga ƙofar tuba a buɗe. Me ya hana mutumin nan shiga? Sai ya duƙufa kwaikwayon rubutun Gambo, har da bakwai ɗinsa mai lanƙwasa kamar ƙahon saniya.

Ranar gwaji baƙin ciki ya sauya wa Gambo rubutu. Na'ura ta ƙi shi, ta karɓi ɓarawo. Aka kori Gambo. Yana ɗaure kayansa ya ce, "Tunda hannuna kake so, na bar maka." Ya koma Furfuri, bai ga lokacin kaka ba, ya rasu.

Mutumin ya samu babban aiki a Gusau. Amma duk lokacin da ya ɗauki biro, rubutun Gambo ke fitowa. Ya koma rubutu da hagu, haka. Wata rana aka dawo masa da takardar da ya sa wa hannu, ana tambayarsa wane ne Gambo. Daga nan nasa sunan bai sake fita daga hannunsa ba, har aka sallame shi.

Matarsa Huseina ta kai shi Furfuri ya roƙi uwar Gambo. Tsohuwa ta saurare shi tana tsince gero, ta ce, "Ɗana, ba ni ka ɗauke wa ba. Mai shi ya tafi."

Masu bin hanyar Kwatarkwashi sun san shi. Yana zaune a gindin dutse, yana rubutu a ƙasa da yatsa, yana gogewa, yana tambayar masu wucewa, "Malam, hannun wa ne wannan?"

Ya 'yan uwa, satar aiki sata ce, ko ba a fasa ɗaki ba. Haƙƙin mutum kuwa, mai shi ne ke yafewa. In ya riga ka kwanciya, wa za ka roƙa?

Allah ya kiyaye mu da ɗaukar abin da ba mu iya mayarwa. Amin.