Tashar Nguru Ta Siminti

Akwai wani dattijo mai suna Malam Mu'azu da ke aikin gadi a Doha. Mahaifinsa ma'aikacin reluwe ne a Nguru, kuma a bakin layin dogo ya tashi.

Lokacin korona, da aka rufe gari, 'yan Arewa da ke zaune gida ɗaya da shi a unguwar Ain Khaled suka rasa abin yi. Sai suka fara haɗa ƙaramin jirgin ƙasa mai tafiya da lantarki. Kowa ya ɗauki wuri ɗaya zai gina a kan allon katako, a riƙa jona su. Ja'afar, shugabansu, ya ɗauki Kano. Suraj, direban bas ɗin makaranta, ya ƙera gadar Kaduna da tsinken tsire. Malam Mu'azu ya ɗauki Nguru.

Sauran da kwali da soso suka yi aiki. Shi kuwa ya ce tashar mahaifinsa ba za ta zama ta kwali ba, siminti ya kwaɓa. Sai mutum huɗu ke iya ɗaga ta.

"Baba, tasha ce wannan ko ganuwa?" in ji Ja'afar. Dattijon murmushi kawai ya yi.

Da gasar kofin duniya ta zo, aka gayyace su taron 'yan Najeriya a unguwar Nu'aija su nuna jirgin. Ja'afar ya ce, "Tunda 'yan wasanmu ba su samu zuwa ba, jirginmu zai wakilci ƙasa." A ƙarshen watan ne kuma aikin Malam Mu'azu zai ƙare, ya koma gida. In ba a ranar ba, ba zai taɓa ganin tasharsa a gaban jama'a ba.

Suka aro ƙaramar tirela, suka maƙala a bayan mota. Zuwa ɗaya kawai za su iya yi, don za a rufe hanyoyi saboda wasa. Suka loda kayan yadda jirgi ke bin layi: Kaduna a gaba, sai Zariya, sai Kano. Nguru, ƙarshen layi, ta faɗa can wutsiya.

Ko unguwar ba su bari ba, tirela ta fara kaɗa wutsiya, tana jan motar hagu da dama. Suraj ya rage gudu a hankali, ya tsaya.

"Khalas, ya isa!" Ja'afar ya ce. "Ganuwar nan za ta kashe mu. A sauke ta."

Malam Mu'azu ya shafa rufin tashar. "A sauke, ba komai," ya ce. Muryarsa ba ta yarda da abin da bakinsa ya faɗa ba.

Suraj ya ce, "Ba nauyin ne laifi ba, Shugaba, inda muka ajiye shi ne. Kaya mai nauyi gaban tayoyi yake zama, ya danna ƙugiyar da ta haɗa tirela da mota. A kwashe duka."

"Yanzu? To in Nguru ta koma gaba, ina gadarka za ta zauna? A wutsiya girgiza za ta kakkarya ta, kuma ko mota ba ta shiga."

"A bar ta. Ma shimfiɗa katako a gurbinta."

Duk sun san tsinke ɗai-ɗai ya liƙa gadar nan, har yatsunsa suka yi kanta. Suka kwashe kayan suna gunaguni. Nguru ta koma gaba, aka ɗaure ta tam. Gadar aka mayar cikin gida.

Malam Mu'azu ya ce su tafi, zai biyo su daga baya.

A babban titi wata ƙatuwar bas ta 'yan kallo ta wuce su a guje, iskarta ta bugi tirela. Ja'afar ya damƙe kujera yana salati. Tirela ta ɗan girgiza sau ɗaya, ta koma layinta.

"Me ya riƙe ta?" ya tambaya.

"Ganuwa," in ji Suraj.

A zauren taro suka jona layin, katako tsirara a gurbin Kaduna. Suraj bai kalli wajen ba. Ana shirin kunna jirgi sai mutane suka dare. Ga Malam Mu'azu, riga jiƙe da gumi, gada a kansa. Bas biyu ya hau da ita, sauran hanyar ya tako da ƙafa.

"Baba, da ƙafar nan taka mai ciwo?" in ji Suraj.

"Ɗana, jirgin da bai haye Kaduna ba, ta ina zai iso Nguru?"

Ja'afar ya miƙa wa dattijon abin tuƙin jirgin da hannu biyu. Jirgi ya haye gada, ya ratsa Kano, ya tsaya a tashar siminti. Dattijon ya daɗe yana kallonsa, sannan ya kamo hannun Suraj. "Allah ya yi maka albarka," ya ce.

Darasi: Kafin ka ce wani ya yi maka nauyi, duba inda ka ajiye shi. Wanda ka matsa ka ba wuri, shi zai ɗauko naka a ka. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai mai shirin sauke wanda bai kamata ba.