Mai Albasa da Wanda Ya Datse Masa Ruwa

Akwai wani mutum mai lambun albasa a bakin wani ƙaramin rafi. Lambun ba shi da girma, amma da shi yake riƙe iyalinsa. Can sama da shi, ta inda ruwan yake gangarowa, akwai lambun wani maƙwabcinsa mai wadata, wanda kullum a sahun gaba ake ganinsa a masallaci. Tun zamanin iyayensu akwai ƙa'ida a tsakanin lambunan biyu: na sama ya yi ban ruwa kwana biyu, sa'an nan ya saki ruwan, na ƙasa shi ma ya yi kwana biyu.

Wata shekara damina ta ɗauke da wuri, rafin ya ragu ƙwarai. A shekarar nan ce kuma maƙwabcin ya faɗaɗa lambunsa. Da ya ga ruwan ba zai ishe su su biyu ba, sai ya sa aka jera buhunan yashi aka datse rafin, ruwan duka ya juya wajensa. A lokacin kuwa albasar mutumin nan ta fara yin kai a cikin ƙasa, lokacin da ta fi bukatar ruwa ke nan.

Mai albasa ya hau ya same shi, ya yi sallama, ya ce, "Alhaji, yau ranar ruwana ce."

Ya ce, "Gobe, in Allah ya yarda."

Gobe ta yi, ruwa bai zo ba. Jibi ma haka. Sai ya tafi wurin mai unguwa ya faɗa masa abin da ke ciki. Mai unguwa ba ya son ɓacin ran mai wadata, ya ce, "Za a duba." Kwana goma sha ɗaya ana dubawa. Ganyen albasa ya yi rawaya, ya kwanta, ƙasa ta tsattsage. Wahalar wata uku ta mutu mutumin yana tsaye yana kallo.

Ran nan da hantsi, yana cikin lambun tare da ƙanensa suna tono ko za su tsira da wani abu, sai ga maƙwabcin ya gangaro da carbi a hannu, wai ya zo jaje. Ya dubi lambun, ya girgiza kai, ya ce, "Malam, sai haƙuri. Haka Allah ya ƙaddara. Mumini ba ya jayayya da hukuncin Ubangijinsa."

Daga inda suke tsaye ana jin ƙarar ruwa yana gudu a lambun maƙwabcin.

Ƙanen ya ɗaga fartanya ya yi kansa. Mai albasa ya cafke masa hannu, ya riƙe gam. Ƙanen ya ce, "Yaya, sake ni. Ya kashe mana abinci, ya kuma zo yana mana wa'azi?"

Ya ce, "Ajiye. Mun rasa albasa, ba za mu ƙara da ɗaukar jini ba."

Sa'an nan ya juya ga maƙwabcin ya ce, "Alhaji, na yarda da ƙaddara. Allah ya jarrabe ni, na karɓa, ba ni da ƙorafi a kansa. Amma kai ka datse ruwan nan. Yau na faɗa maka, kuma duk inda aka tambaye ni haka zan faɗa, ba ƙari ba ragi. Kada ka sa sunan Allah a kan buhunan yashinka."

Maƙwabcin ya ce ashe shi mutum ne marar tawakkali, ya juya ya tafi.

Da suka rage su biyu, mutumin ya zauna a gindin mangwaro ya yi kuka, irin kukan magidanci da bai san abin da zai kai gida ba. Da azahar ta yi ya yi alwala da ɗan ruwan da ya rage a butarsa, ya yi salla, ya daɗe a sujada yana kai kukansa ga Allah. Washegari ya zo da diga da shebur, shi da ƙanensa suka fara haƙa rijiya a ƙarshen lambun. Ta farko ta rufta bayan kwana tara. Ƙanen ya jefar da shebur ya ce shi ya gaji. Mutumin ya ce masa ya je ya huta, ya matsa gefe ya fara wata shi kaɗai. Da la'asar ƙanen ya dawo ya karɓi diga. Ta biyun ce ta ba da ruwa, shi ma ba mai yawa ba, iyakarsa ya shayar da kashi ɗaya cikin uku na lambun. Lokacin albasa ya riga ya wuce, sai suka shuka alayyafo da kuɓewa. Shekarar nan gidansa sun sha wuya, sau da yawa sau ɗaya ake ɗora tukunya a yini, amma sun kai damina da ransu da mutuncinsu.

Na san kuna jira in ce lambun maƙwabcin ya ƙone. Bai ƙone ba. Albasarsa ta yi kyau, ya cika mota ya kai kasuwa, ranar Juma'a kuma ya koma sahunsa na gaba.

To, ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Lambun nan shi ne duk abin da Allah ya ba ka kake jingina da shi: lafiyarka, sana'arka, 'ya'yanka. Ranar da ya bushe, ranar ce ake sanin imaninka. Mutumin nan ya ji zafi, ya yi kuka, kuma kuka ba ya ɓata haƙuri. Abin da ya riƙe shi ne harshensa, bai zargi Ubangijinsa ba, da hannunsa, bai rama da abin da ya fi muni ba. Bai kuma naɗe hannu ya ce yana jiran Allah ba, ya ɗauki diga. Wanda ya yi haka, ko rijiyarsa ta ba da ruwa ko ba ta ba da ba, ladansa yana wurin Wanda ba ya mantuwa.

Amma abin da ke ƙona mini rai shi ne ɗayan, domin ya yi yawa a cikinmu. Mun mai da "sai haƙuri" abin toshe bakin wanda muka cuta. Mutum zai cinye gonar marayu ya ce musu duniya gidan jarrabawa ce. Mai unguwa zai ga gaskiya ƙuru-ƙuru ya ce za a duba, har abin ya lalace, sa'an nan ya ce ƙaddara. Wa ya koya mana wannan addinin? Haƙuri ibada ce da wanda masifa ta sama yake yi tsakaninsa da Ubangijinsa. Kai da ka jawo masa masifar ba ka da bakin neman haƙuri a wurinsa. Abin da ke kanka shi ne tuba da mayar da hakki. Kuma wanda aka zalunta in ya ce an zalunce shi, bai fita daga cikin masu haƙuri ba.

Kowa ya koma gida ya tambayi kansa a wane lambu yake tsaye. In kai ne na ƙasa, ka daure, ka faɗi gaskiya, ka tashi ka nema, Allah yana tare da kai. In kuwa kai ne na sama, ka gaggauta sakin abin mutane tun kana numfashi. Akwai ranar da za a tsayar da ku ku biyu, kuma a ranar nan ba wanda zai ce maka za a duba.