Rakiyar Gansakuka

Dalilin da ya sa gansakuka ke manne wa gindin kwale-kwale, yara, rakiya ce ta fito, ba a sallame ta ba.

A da can, gindin kowane jirgi fes yake. Gansakuka kuwa matar kirki ce mai gidanta a ƙarƙashin teku, da 'ya'ya ƙanana rututu, waɗanda ido ba ya gani sai sun taru.

Wata rana wani masunci, Jatau, ya saki itacen tuƙinsa a ruwa. Ya yi nutso ya bi shi, sai ga shi tsulum a tsakar gidanta. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo masa ruwan sha. E, a cikin ruwa. Kada wanda ya tambaye ni.

Da ya tashi tafiya ta ce, "Malam, bari in taka maka. Miya na ɗora, yanzu zan dawo."

Kun san mai rakiya ba ya juyawa sai baƙo ya ce, "Ya isa haka, a koma." To, Jatau marowacin magana ne, gaisuwa ma sai an roƙe shi. Ya haye jirginsa ya kama tuƙi. Ita kuma ta riƙe gindin jirgin tana jira.

Kwana uku, babbar 'yarta ta iso tana haki. "Inna, miya fa za ta kama!"

"Ke, rufa mini asiri! In juya baƙo bai sallame ni ba? Kama nan."

Haka 'ya'yan suka yi ta zuwa kira ɗaya bayan ɗaya, kowa ya zo sai ya kama. Jirgi ya yi nauyi, Jatau na tuƙi yana gumi. Ya jawo shi tudu, ya sa tsingaro ya kankare su tas, bai ce uffan ba.

Gansakuka ta ce, "Kun gani? Har bayana ya sosa mini. Mutumin arziki!" Suka sake kamawa.

Jatau ya tsufa, ya mutu da kalmarsa a baki. Wallahi tausayinta nake ji.

Shi ya sa har yau duk abin da ya kwana biyu a ruwa, jirgi ne, ƙafar gada ce, ko igiya, sai ta maƙale masa, ko shi ne zai ce ta koma. Mutane kuma sai su kankare ta kawai. Miyar na can a kan wuta.