Habiba Garba Har Goma Sha Bakwai

Ku gyara zama, yau na zo muku da shari'ar da ta fi ƙarfina.

Malam Sabitu shi ke kula da kwamfutocin wani babban asibiti. Asibitin ya sayi sabuwar manhaja da za ta zauna tsakanin likitoci da rumbun bayanan marasa lafiya, aikinta irin na ɗan aike: likita ya nemi sakamakon gwajin jini, ta ɗauko ta miƙa masa. Aka ce ranar Litinin za a kunna ta. Ranar kuwa aka sa za a yi wa matarsa Habiba Garba aiki a ciro mata ɗa, kuma an ce sai an tanadi jini. Saboda haka ya ce wa ma'aikatansa uku su gwada manhajar nan kamar ransu ne a kanta.

Ta farko Ummakati, tsohuwar ma'aikaciyar ɗakin kati ce, ga ta da kafiya. Kamfanin da ya sayar da manhajar ya haɗo da sunayen ƙarya na gwaji: Mutum Ɗaya, Mutum Biyu, har dubu goma. Ta duba ta ce ita a shekara ashirin ba ta taɓa yanka wa Mutum Biyu kati ba. Ta share su, ta zuba sunayen da ke cikin rajistar asibitin.

Ta biyu Zulaiha, ita ce mai turo cunkoso. Ta sako wa manhajar tambaya dubu goma a lokaci guda, manhajar ta amsa ba ko tuntuɓe. Takardar kamfani ta ce nan za a tsaya. Zulaiha ta ce wanda ya rubuta takardar bai taɓa ganin asibitin nan da safiyar Litinin a tsakiyar damina ba. Ta ninka sau uku. Manhaja ta ci gaba da gudu, har Sabitu ya fara murmushi.

Ta uku Lantana, wadda ake yi wa dariya don ba ta yarda da zanen da allo ke nunawa. Ita sai ta tsinci amsa ɗari ta karanta da idonta, ta gwada kowace da abin da ke rumbu. Ana shirin tashi sallar la'asar ta kira Sabitu.

"Ranka ya daɗe, wane rukunin jini ne da matarka, Maman Walida?"

Ya gaya mata. Ta juyo masa da allon. Sunan matarsa ne, ranar haihuwarta ce, amma jinin na wata ne.

Sabitu ya nemi kujera ya rasa, sai a kan tebur ya zauna. Ashe idan cunkoso ya yi yawa, manhajar ba ta ƙara wahalar zuwa rumbu. Amsar da ta riga ta ɗauko take miƙa wa duk wanda suna da ranar haihuwarsa suka zo ɗaya. Mu kuma kun san halinmu: wanda bai san ranar haihuwarsa ba, ɗaya ga Janairu ake rubuta masa. Da suka ƙirga, Habiba Garba goma sha bakwai ce a rajistar, bakwai a cikinsu an ba su rana ɗaya da shekara ɗaya. Tsoro ya kama shi. Da kansa zai kunna abin da zai sa a ɗura wa matarsa jinin da ba nata ba.

Ba a kunna manhajar ba. Litinin aka yi aiki, Habiba ta zubar da jini sosai, aka ƙara mata leda biyu na rukuninta, ta tashi lafiya da 'ya mace.

Sabitu ya yi alkawarin yarinyar za ta ci sunan wadda ta ceci uwarta. Da Ummakati ba ta kawo sunayen gaskiya ba, babu sunan da zai yi karo da wani. Da Zulaiha ta tsaya a dubu goma, manhajar ba za ta nuna halinta ba. Da Lantana ba ta karanta ba, da an tafa an watse.

Jibi suna, rago yana ɗaure, liman yana jira a raɗa masa. To ku, sunan wa za a sa wa yarinyar nan?