Garin Batir da Ba a Wanke Ba

Akwai wani mutum mai gyaran rediyo, hannunsa kuwa da albarka. In maɓallin wani kaya ya mutu, sai ya fasa tsohon batir, ya zare baƙin sandan nan na ciki, ya daka, ya kwaɓa garin da gam, ya shafa a ƙarƙashin maɓallin, wuta ta sami hanyar bi. Maigidan da ya koya masa aikin ya sha ja masa kunne: "Ka wanke garin sau uku, ka shanya, kafin ya taɓa gam. Gishirin batir yana manne da shi, ido ba ya gani."

Wata rana aka kawo masa fiyanon coci mai aiki da lantarki, maɓallai biyar sun yi shiru. Aiki ya yi masa yawa, ya ce a ransa, "Wa zai leƙa ciki?" Ya kwaɓa garin haka nan. Fiyano ya tashi raɗau, kowa na sa masa albarka.

Da damina ta zauna, laima ta shiga ta tashi gishirin. Ranar taron Zumuntar Mata, ana tsakiyar waƙa, fiyano ya shaƙe. Uwar Zumunta ta juya kan Keziya, mai kaɗa shi, ta ce, "Ke 'yar nan, ban hana ki ajiye shi bakin taga ba? Kin jiƙa kayan Ubangiji!"

Keziya ta sunkuya tana hawaye. Mai gyaran kuwa ya zo taron, yana bencin baya. Ya dubi ƙofa, ga ta kusa. Sai ya miƙe ya ce:

"Mama, ku bar ta. Ni ne ban wanke garin ba."

Uwar Zumunta ta dube shi ta ce, "Ɗana, da ruwa moɗa uku ka yi mana rowa?"

Bai iya ɗaga kai ba. Ya ɗauki fiyanon ya fita da shi, ya je ya kankare aikinsa duka, ya soma daga wanki.

Ma'anar misalin nan ke nan, 'ya'yana. Garin shi ne zuciyarmu, gam ɗin kuwa zumuntar masu bi. Mutum yakan shiga ikkilisiya da zunubin da bai furta ba, ya yi waƙa, a yaba masa. Ranar gwaji abin da ya ɓoye zai tashi, wani marar laifi kuma ya sha kuka dominsa. Ku kawo zuciyarku ga Yesu ya wanke ta yau, tun laima ba ta shigo ba.