Antoni Janar da Dokar da Ya Rubuta

Ya 'yan uwa, ku gyara zama, wannan labari ba na gyangyaɗi ba ne. An yi wani mutum, lauya, mai baki kamar reza. Da keken ɗinki mahaifiyarsa ta yi masa karatu. A farkon aikinsa, in aka zalunci mai ƙaramin ƙarfi shi ake nema, kuma in ya miƙe a kotu har masu shara sai sun leƙo.

Sai siyasa ta yafuto shi. Ɗan takararsa ya ci zaɓen gwamna, ya naɗa shi Antoni Janar, wato babban lauyan gwamnatin jiha. Ga kujera mai juyawa, ga direba yana buɗe masa ƙofa. Mutumin nan ya fara ganin jama'a ƙanana.

'Yan adawa suka dami gwamna. Lauyanmu ya tsara doka, majalisa ta amince: duk wanda aka kama da zargin yi wa gwamnati zagon ƙasa, babu beli, babu ziyara. Wa aka fara kamawa? Abokinsa, wanda suka yi karatun lauya tare. Yana tsare mahaifinsa ya kwanta ciwon ajali. Aka roƙi kotu ta bari a kai shi asibiti su gana, ko da ankwa a hannu.

Antoni Janar bai tura ƙaramin lauya ba. Da kansa ya sa baƙar riga, ya zuba hujjoji, ya yi nasara. Aka ɗaukaka ƙara. Mahaifiyar Antoni Janar ta kira shi ta ce, "Ɗan nan, ka bar yaron nan ya ga ubansa."

Ya ce, "Mama, ki bar mana aikinmu."

Ya je kotun sama ya sake yin nasara, ya fito yana yi wa 'yan jarida murmushi. Tsohon ya rasu bai ga ɗansa ba.

To, mulki na wane ne? Zaɓe ya zagayo, gwamnatinsu ta faɗi. Sababbin ba su wahalar da kansu wajen rubuta wata doka ba, tasa suka ɗauko suka kama shi da ita.

Yana tsare mahaifiyarsa ta faɗi, aka kwantar da ita a asibiti. Ya tsaya gaban alƙali yana kuka, yana roƙon a kai shi ya gan ta. Lauyan gwamnati, wanda shi ya koya wa aiki, ya miƙe ya karanto hukuncin kotun sama, da hujjojin da suka fito daga bakin mai roƙon. Alƙali ya ce, "Ba ni da ikon saɓa wa wannan hukunci. Kai ka fi ni sani."

Ƙanwarsa ta zo ƙofar gidan yari da labarin rasuwar mahaifiyarsu, aka hana ta shiga, don babu ziyara. Gandiroba ne ya isar masa da saƙon: duk sanda aka buɗe ƙofar ɗakin asibiti, tsohuwar takan juyo ta ce, "Shi ne?"

Ya 'yan uwa, wallahi abin nan yana girgiza ni. Duk wanda Allah ya ba iko, a ofis ne ko a gida, ya sani hukuncin da yake yanke wa wani yana nan yana jiransa, kuma rahamar da ya hana ita zai zo yana nema. Allah ya kiyaye mu da zaluntar bayinsa, ya sa mu ji maganar iyayenmu tun suna raye. Amin.