Allon da Ya Tsaya a Kan Talatin da Bakwai da Rabi

Akwai wani matashi da kowa a layinsu ke kira Injiniya, kuma sunan ya dace da shi, don hannunsa na da kyau. Aibinsa guda ne: da ya ce "ban gane ba" gara a zare masa haƙori. In abu ya gagare shi sai ya yi ta fama shi kaɗai, fuska a murtuke, kamar wanda aka yi wa laifi.

Yayarsa, wadda ta riƙe shi tun rasuwar mahaifiyarsu, da ƙyanƙyasar kaji take ci da 'ya'yanta. Shi ya haɗa mata injin ƙyanƙyasar. A cikinsa akwai wani ɗan abu kamar farcen yatsa, wanda masu sana'ar ke kira cif. Shi ke auna zafi, ya kunna hita mai ɗumama ƙwai ko ya kashe, sannan ya rubuta lambar a wani ƙaramin allo mai layi biyu. Injin na ɗakin bayan gida, ita kuwa ciwon gwiwa ya sa ta a gaba.

"Ƙanina, ba za ka kawo min allon nan falo ba? Wannan zirga-zirgar za ta ƙarasa ni," in ji ta.

"Wannan ai ba aiki ba ne, Yaya. Kafin la'asar an gama."

Ya ja doguwar waya daga ɗakin, ta bi jikin katanga, ta wuce ta bayan injin jan ruwa, ta shiga falo. Da ya kunna, maimakon lamba sai baƙaƙen akwatuna da wasu haruffa da ba na kowane yare ba. Ya cire allon ya jona da gajeriyar waya, rubutu ya fito tas. Ya mayar kan doguwar, shirme ya dawo.

La'asar ta wuce, washegari ta wuce. Ɗakin ƙyanƙyasar ba taga, faɗinsa bai fi mutum ya miƙe hannu ba, ga zafi ga ƙarnin ƙwai. A nan ya tare da laftof a cinya, gumi na ɗiga kan madannai. Ya canza wannan layi na kod, wato umarnin da ake rubuta wa cif, ya goge wancan, ya loda, ya ruga falo ya duba, ya dawo. Kashe injin ba dama, don ƙwai cike suke a ciki, saura kwanaki kaɗan su fashe. Tafiya gida ma ba dama, ya riga ya cika baki. Duk sanda Yaya ta leƙo ta ce "Sannu, ya ake ciki?" sai ya ji kamar bangon ya ƙara matsowa.

Dogo, abokinsa da suke hayar shago ɗaya, ya biyo sahu jin shiru. Ya duƙa ya karanta kod ɗin.

"Kai, ga inda abin yake," in ji Dogo. "Kafin cif ya tura harafi sai ya tambayi allo ko ya shirya, ya tsaya jiran amsa. A gajeriyar waya amsar na zuwa garau. A wannan doguwar kuwa kafin ta iso ta dagule. Ka daina tambayarsa, ka riƙa ba shi ɗan lokaci bayan kowane harafi. In kuma ka nace sai ka tambaya, sa wa jiran iyaka. Yadda yake ɗin nan, ranar da amsa ba ta zo ba, cif zai tsaya nan har abada, ya manta da hita."

Injiniya ya san gaskiya ce, kuma abin da ya ƙona masa rai ke nan. "Jinkiri a kod aikin 'yan koyo ne," ya ce. "Ka koma shago, an bar shi ba kowa."

Dogo ya kaɗa kai ya tafi.

Daga baya Injiniya ya liƙa wani ɗan kafasita, abin daidaita wuta, a bayan allon, ya rage wa wayar lanƙwasa, sai ga lamba ta fito: talatin da bakwai da rabi, daidai zafin da ƙwai ke so. Yaya ta yi ta sa masa albarka. Yana tattara kaya ya lura 'yar fitilar da ke nuna cif na aiki ta daina ƙyaftawa. Cif ya tsaya cak, kamar yadda Dogo ya faɗa. Injiniya ya gane haɗarin. Gyaran ba zai ci lokaci ba, amma gyaran Dogo ne, kuma ya gaji da ɗakin nan har wuya. Ya danna maɓallin sake kunnawa, fitila ta ci gaba da ƙyaftawa, ya fita bai ce wa kowa komai ba.

Abin da Yaya ba ta sani ba, irin wannan allon ba ya goge abin da aka rubuta masa sai an turo sabo. Kwana biyu bayan haka aka tayar da injin jan ruwa da hantsi, ya dagula wayar, amsar allo ta ɓace a hanya. Cif ya tsaya jira, hita kuwa a kunne. Yini guda Yaya na tsintar wake a falo, tana ɗaga kai tana ganin talatin da bakwai da rabi, hankalinta kwance. Wari ne ya tashe ta, zafi ya riga ya dafa ƙwan.

Da Injiniya ya iso ya same ta zaune a ƙasa a ƙofar ɗakin, ƙwai ɗaya a fashe a tafinta, ɗan tsako a ciki har ya yi gashi. Ba ta yi masa faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Da ƙafata nake zuwa in taɓa su da hannu," ta ce. "Na daina ne don kai ka ce in duba allon. Ka san yana tsayawa?"

Ya buɗe baki, ƙarya ta ƙi fitowa. "Na sani, Yaya."

Ta ajiye ƙwan a hankali, ta dafa bango ta miƙe. Ya kai hannu zai taimaka mata, ta ce ya bar shi, za ta iya.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, duk wanda aka ba amanar aiki, kada girman kai ya hana shi karɓar gyara, ko daga bakin wa ya fito. Wanda ya ga aibi a aikinsa ya rufe don kada a ce ya kasa, bai kawar da aibin ba, ya ajiye wa wanda ya yarda da shi ne. Injiniya ya gyara kod ɗin a ranar, da 'yan layukan da Dogo ya faɗa masa. Amma har yau Yaya da ƙafarta take zuwa ɗakin, da ciwon gwiwarta, ko da allon na nuna daidai.